Rabon Faɗa a Kan Ƙanƙara

Tun ranar da na dawo daga Kanada ban huta ba. In na je ofis tambaya, in na zauna a majalisarmu ta Tudun Wada tambaya, in na je Bungudu gaida Inna kafin in cire takalmi an cika zaure. Kowa kuma daga ƙarshen labarin yake so in fara: "Lawali, wai da gaske ka sha ƙasa a gaban taron Turawa?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara gishiri kafin ya kai gaba. Shekaranjiya a kasuwar Magami wani ya ba ni labarin kaina, bai san ni ne ba, har da cewa na kayar da ƙarti bakwai da hannu ɗaya. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru, wanda ya tambaya in miƙa masa takarda.

Ma'aikatarmu ta gona ce ta tura ni kwas na mako shida kan adana hatsi, shekara biyu da 'yan watanni bayan an ba mu jiha. Ana gobe zan tafi na je Bungudu sallama. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Can inda za ka, suna da gero?" Na ce alkama suke nomawa. Ta ce, "To mi za ka sha da sahe?" Kafin in ba da amsa ta tashi ta ƙulla mini kuka da yaji da daddawa, kowanne a leda biyu. Na ce ba a shiga jirgi da irin waɗannan. Ta ce ai ba jirgin ta ba, ni ta ba.

Da safe motarmu ta tashi daga tashar Gusau. Muna isa Tsafe sai ga abokina Alhaji Maiwada, ɗan kasuwar hatsi, tsaye a tsakiyar titi yana ɗaga hannu kamar ɗan sanda. Ya turo wata ƙatuwar kwat ta taga, mai gashi a wuya, ya ce, "Ungo wagga, wurin 'yan gwanjo na samo ma ita. An ce irinta sojan Rasha ka sawa." Na rungume ta har Kano ina zufa ina sa masa albarka.

Jirgi biyu na hau kafin in taka ƙasar Kanada, na uku kuma ƙarami ya kai ni cikin ƙasar noma. A wurin kwastan na fara ba da kaina. Wata ma'aikaciya ta sa safar hannu ta buɗe ledar kuka, ta ga koren gari, ta ce mene ne wannan. Ni kuma da saurin baki na ce, "Ganye ne." Ashe amsa mafi muni ke nan da mutum zai bayar a bakin iyaka. Nan take ta kira wani, shi ma ya kira wani da kare. Na yi ta bayani, na zana musu bishiyar kuka a bayan tikitina, na kwatanta yadda ake kaɗa miya. Da aka zo kan daddawa kuwa, ana kwance leda karen ya yi atishawa ya koma bayan mai shi. Dariya ta ƙwace wa matar. Kuka da yaji suka wuce, daddawar Inna ta kwana a hannun hukuma.

Sanyin ƙasar nan ba zan iya kwatanta muku shi ba, kada ma ku sa ni. Abin da zan ce kawai, ina fita ƙofar filin jirgi na ji gashin hancina ya sandare. Motoci ma jona su ake da wutar lantarki in an ajiye, kamar dutsen guga, in ba haka ba da safe ba za su tashi ba.

Makarantar kwas ɗin ba ta da ɗakunan kwana, sai ta rarraba mu gidajen manoma. Ni na faɗa gidan wani dattijo mai suna Walta, manomin alkama, da matarsa Helen. Tana karɓar kwat ɗina za ta rataye sai ta tsaya tana juya ta, ta ce, "Ta matarka ce ka aro?" Ashe maɓallan a gefen mata suke. Sojan Rashan Alhaji Maiwada dai wata tsohuwa ce. Haka na ci gaba da sa abata har na dawo, sanyi bai bar mini zaɓi ba.

Mutanen kirki ne ƙwarai. Tun daren farko Walta ya ɗauko wani ɗan agogon gane gabas ya nemo mini alƙibla, ya manna takarda a bango. Helen ta ware tukunya guda ta ce naman alade ba zai taɓa ta ba. Abincinsu dankali ne, yau dafaffe, gobe dakakke, jibi gasasshe. Gaisuwarsu kuwa kalma ɗaya ce. Ranar da na tare maƙwabcinsu na tambaye shi kwana da iyali da aiki da sanyi, sai ya je ya tambayi Walta ko wani abu ya faru.

Abu ɗaya ne na rasa gane kansa a makon farko. Kullum aka zauna cin abinci, mutanen nan da ba sa ɗaga murya sai su kaure da gardama, har Walta ya riƙa buga cokali a tebur. Na zaci gado ne ko filin gona. Ashe wasa ne, hokin ƙanƙara.

Ga wanda bai sani ba, fili ne na ƙanƙara mai santsi, an kewaye shi da katako da gilashi. Mutum shida-shida ne, kowa da takalmi mai wuƙa a ƙasa da sanda mai lanƙwasa a baki, kamar dai yadda muke buga ƙwallon goriba muna yara. Abin da suke bugawa wani ɗan baƙin faifan roba ne, ina ganinsa a talabijin na tuna daddawata. Gudu kuwa, idonka ba ya iya bin su.

Walta ya ce wasan ya lalace, dole a gyara doka. "Da, Lawali, sai ka ga an ci takwas. Yanzu a wuni ana abu ɗaya ba a ci biyu ba. Kowa riƙe da rigar kowa, ana maƙale gwani da sanda kamar akuya, alƙali yana kallo. Sannan sun kawo wata sabuwa, wai in ɗan yatsan ƙafarka ya taɓa shuɗin fentin gaban raga kafin faifan ya iso, an soke cin. Ɗan yatsa! Sai a tsai da wasa a je a duba talabijin."

Helen ta ce, "Faɗa masa ta faɗa."

Ya ce, "Faɗa ba ya cikin abin da ya lalace."

A nan na ji abin da ya fi sanyin ba ni mamaki. A wasan nan in mutum biyu suka so dambe sai su yar da safar hannu su kama. Alƙalan wasa su kewaye su, hannu a baya, ba mai rabawa sai ɗaya ya kai ƙasa. Daga nan a kai kowanne wani ɗan akurki na gilashi ya zauna minti biyar, ya fito ya ci gaba da wasa. Na ce, "Minti biyar? Mu a Gusau wannan kafin azahar kuna gaban alƙali na gaske."

Hujjar Walta ita ce, in ba a bar ƙarti suna tsoron juna ba, ƙananan gwanaye za su sha sanda a fuska, don alƙali ba ya ganin komai a wannan gudu. Hujjar Helen ita ce, duk wanda ya kai naushi a kore shi daga fili, a ga in ba za a daina ba cikin mako guda. Kowa dai na so a taɓa doka, amma ba wuri ɗaya ba. Suka juyo kaina in yanke hukunci. Na ce ni baƙo ne, kuma abincinsu su biyu nake ci, a bar ni in ƙare dankalina.

Ranar Asabar ta biyu na gane abin da ya sa gardamar ke da zafi. Ɗansu Denis ya zo gida. Ni Ɗan'isa nake ce masa, shi kuma yana amsawa. Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ba haƙoran gaba, gaɓoɓin hannunsa sun kumbura kamar citta. Amma muryarsa ƙasa-ƙasa, shi ke wanke kwanuka, kuma cikin kwana guda ya iya "Ina kwana, Malam." Ɗan wasa ne a wata ƙaramar ƙungiya ta garin da ke kusa, ana biyansa albashi. Aikinsa a ciki kuwa shi ne dambe. Na tambaye shi ra'ayinsa kan dokar, ya yi murmushi ya ce, "In aka hana faɗa yau, gobe ba ni da aiki. Ba don na iya wasa suka ɗauke ni ba."

Ran nan na ce ni zan yi girki. Na sami garin alkama na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka ba daddawa, Allah ya yafe mini. Ina tuƙi Helen ta turo ƙofar kicin ta rufe. Ta ce, "Likita ya duba idon Denis na hagu. Ya ce in ya ƙara shan naushi ɗaya mai kyau a wurin, idon ya tafi. Ubansa bai sani ba. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba, wai uban zai ga kamar ya gaza." Na ce to ni me ya sa ta faɗa mini. Ta ce, "Kai tafiya za ka yi. Ni kuma in ban faɗa wa wani ba zan fashe."

Muka fito da tuwo, Ɗan'isa ya wanke hannu ya ci malmala uku, Walta ya zuba yaji kamar gishiri ya yi ta hawaye yana cewa ba komai. Ana ta dariya, ni kuwa idona na kan idon yaron nan na hagu.

Saura kwana tara in dawo aka ce ƙungiyarsu na da wasa ranar Lahadi da la'asar, kuma lalle sai na gani da idona. Na sa babbar rigata a kan kwat ɗin tsohuwa, na kafa hula, don a san Zamfara ta zo. Kujerun Walta a sahun gaba suke, dab da wata 'yar ƙofar katako da ake bi a shiga fili. Helen ba ta zuwa kallo, amma ran nan ta zo saboda ni.

Gaskiya wasan da daɗi. Kafin a je hutun farko na manta kaina, ina ihu da Hausa ina ce wa wani ɗan siriri ya buga mana. An ci ɗaya aka soke saboda ɗan yatsa, Walta ya miƙe yana nuna ni yana cewa, "Ka gani? Ka gani?" Na ce na gani, wannan kam zalunci ne.

Bayan hutu na biyu wani ƙato na ɗaya ɓangaren ya maka ɗan siririn nan a jikin katakon da ya kewaye fili. Mutane suka fara buga ƙafa suna kiran sunan Denis. Sai na ga ya tsallako fili, ya nufi ƙaton, su biyu suka yar da safar hannu, a gabanmu, bai fi taku goma ba. Alƙalai suka ja baya suka sa hannu a baya. Naushin farko ya sami Ɗan'isa a kunne. Na biyu ya fizge masa hular kwano. Helen ta sunkuyar da kai ta riƙe mini hannun riga.

To ku da kuka san ni, ku faɗi gaskiya, wa zai zauna? Tun muna yara in ana faɗa a layi, ko ba ka san mafarin ba, ka shiga tsakani kana "a yi haƙuri." Mutumin da ya tsaya kallo, shi ake zagi daga baya, ba masu faɗan ba. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Na ga dai hannuna ya ɗaga sakatar ƙofar nan, na ji Walta ya cafko bakin rigata ta zame masa.

Taku ɗaya na yi a tsaye. Na biyu ƙafafuna suka yi gaba suka bar ni, na zube rigingine, babbar riga ta buɗe, na tafi suuu a kan ƙanƙara ba birki. Wurin ya yi tsit. Ni kuwa ina tafe a kwance ina ƙwala ihu, rabi Hausa rabi Turanci: "Ku bari! A yi haƙuri! Idonsa! Likita ya hana, idonsa na hagu!" Ban tsaya ba sai da na daki ƙafafunsu, su biyun suka rikito a kaina. Kai, na san nauyin buhun dawa, amma wannan daban ne.

Da yake doka ta ce in an kai ƙasa faɗa ya ƙare, sai ga alƙalai sun rugo sun raba. Ashe ni na cika musu sharaɗi. Mutane suka ɓarke da tafi da fito kamar rufin zai tashi. Mutum biyu suka kama ni ta hammata suka ja ni waje, wani yana biye da hulata a kan sanda.

A ofishin masu gadi wani mai ƙaton ciki ya zaunar da ni ya ba ni shayi. Ya ce, "Giya ka sha?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "To me ya kai ka?" Na ce faɗa na gani. Sai ya ce an hana ni shiga filin har ƙarshen kakar wasa. Na ce na karɓi hukunci, ban dai gaya masa kwana shida ya rage mini a ƙasar ba.

Dariyar ta ƙare a wurin ajiye motoci. Ɗan'isa ya fito da jaka a kafaɗa, fuska a murtuke, ya ce, "Ka san wuƙaƙen nan za su iya yanke maka wuya?" Kafin in buɗe baki Walta ya ce, a hankali, "Wane ido?" Ya dubi ɗansa, ya dubi matarsa, ya buɗe mota ya shiga. Kunya ta rufe ni. An ba ni amana a kicin, na je na shelanta ta a gaban gari guda, a kwance.

Da muka isa gida na ba Helen haƙuri. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ta dai ƙara mini kifi a faranti. Kwanakin da suka rage ba a sake gardama a teburin nan ba, sai ƙarar cokula. Wallahi har kewar buga teburin Walta na yi. Ɗan'isa bai ƙara zuwa ba, kuma na san Lahadi mai zuwa suna da wani wasan.

Yanzu ga abin dariya. Tun da na ba da labarin nan, majalisarmu ta rabu biyu, mutanen da ƙanƙarar da suka sani ita ce ta cikin zoɓo. Alhaji Maiwada, da yake ba ya wuce dambe in an gama girbi, ya ce kada a taɓa doka: "Mutum biyu sun yarda, an sa musu alƙali, mi ar ruwanka?" Malam Sani na makarantar firamare ya ce dambe daban, ƙwallo daban, wanda ya haɗa su a fili ɗaya shi ya ɓata duka biyun. Rannan har mai shayi ya bar ruwa ya ƙone yana kare dokar ɗan yatsa. In suka juyo kaina sai in ce ni fa hatsi aka tura ni koyo. Ban san abin da ya kamata Turawa su yi da dokarsu ba. Abin da na sani shi ne abin da ya faru a hanyar filin jirgi.

Walta ne ya kai ni a motarsa ta gona, mu biyu kawai. Mun yi nisa, ba abin da ake gani sai gonaki fari fat hagu da dama. Can ya ce, "A garinku in ana faɗa, aikin wa ne rabawa? Ɗan sanda, ko mai unguwa?"

Na ce, "Ba a naɗa kowa. Wanda ya fi kusa shi ke shiga."

Ya gyaɗa kai. Muka ƙara tafiya, sannan ya nuna baya da babban yatsa. Na waiwaya ta gilashi, sai ga jakar Ɗan'isa a bayan mota, sandunansa da takalman wuƙa a ɗaure a kai.

Ya ce, "Jiya na je ɗakin da suke sa kayan wasa na kwaso, a gaban kocinsu. Ya yi ta faɗa, ya ce na kunyata shi, shi ba yaro ba ne. Na ce ya zo gida ya yi faɗan da ido biyu." Ya gyara zama ya ɗaga mini yatsa. "Kada ka je ka ce na canza ra'ayi. Ina nan kan bakana, kada a taɓa dokar faɗa. Su dai nemo ɗan wani."

Na tuntsire da dariya, shi ma ya yi. Da na juyo sai na ga tasa ta tsaya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon titi.

Ya ce, "Ƙofar nan da ka buɗe, Lawali, shekara tara ina zaune a bakinta. Ni na fi kusa."